Masu Taimakon Jama'a, Su Wa Ke Taimakonsu?

 

Masu sauraro, wanda ke gida a cikinku, in an gama shirin nan ya ɗan leƙa bangon ƙofar gidansa. A yawancin unguwanninmu zai tarar da wani rubutu na alli, 'yan lambobi da 'yan haruffa, wani ya koɗe wani sabo ne. Rubutun masu rigakafin shan inna ke nan. Abin da yake faɗa shi ne an zo gidan nan ran kaza, yara kaza ne a ciki, an ɗiga wa kaza, sauran ba a same su ba sai an dawo. Wadda ta yi rubutun kuwa 'yar unguwar ce, ko ta maƙwabta. Ta fito tun da sassafe da akwatin sanyi rataye a kafaɗa, tana bi gida-gida har rana ta take. Wani gidan a ba ta ruwa ta sha, wani gidan a turo mata ƙofa, wani maigidan ya raka ta da baƙar magana har bakin titi.

A kan irin waɗannan bayin Allah za mu yi magana yau, wato ma'aikatan ƙungiyoyin taimakon al'umma da masu aikin sa-kai. Masu riƙe makami suna gadin gari nasu shirin daban ne. Ina nufin ɗan agajin da ke tsare hanya a ƙofar masallacin Juma'a, da matasan da ke yashe magudanar ruwa kafin damina ta sauka, da dattawan da suka tsufa a haƙan kabari, da matan kwamitin marayu masu bin gidaje da kayan sallah, da samarin da ake buga wa waya cikin dare idan mai haihuwa tana neman jini. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu aikin sa-kai ranar 5 ga Disamba tun 1985. Ta kuma ware 19 ga Agusta domin ma'aikatan jinƙai, don tunawa da mutum 22 da bam ya hallaka a ofishinta na Bagadaza a 2003. A irin waɗannan ranaku akan kama zauren otal, a yi jawabai, a raba takardun yabo. Ba laifi, yabon gwani ya zama dole. Sai dai in ka ƙare wa kujerun gaba kallo, da wuya ka ga mai akwatin sanyin nan zaune a kai.

Wasu na ɗauka aikin nan baƙo ne a wurinmu, wai fararen motocin ƙungiyoyin waje ne suka kawo shi. Wanda ya tashi a karkara ya san gayya. Gonar mara lafiya ba ta kwana a ciyawa, ɗakin gwauruwa ba ya shiga damina da ruɓaɓɓiyar jinka. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, dattawan mata masu malfa, suna takowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu, suna kuma duba marasa lafiya da masu rauni. Daga baya aka sami rundunonin agaji masu kaki na Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala. A ɓangaren coci akwai Zumuntar Mata, waɗanda ba a yin rasuwa ko jinya a rasa su a wurin. A 1985 aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce amirarta ta farko, ga shi yau suna da makarantu da ƙananan asibitoci a jihohi da dama. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne girman matsalolin, da shigowar kuɗi daga waje, da zargin da ya biyo bayan kuɗin.

(Kiɗa)

Bari mu ɗan zauna a kan maganar shan inna, domin a nan ne aka fi ganin abin da masu aikin ƙasa ke sha.

A 2003 aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa, Kano ce ta fi daɗewa, sai tsakiyar 2004 ta koma bayan an samo maganin daga Indunusiya. An baza cewa akwai abin hana haihuwa a cikin ɗigon. Maganar ba gaskiya ba ce, amma ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ga kuma tambayar da talaka ke yi, wadda ni ban ga laifinsa a kanta ba: na kai ɗana asibiti da zazzaɓin cizon sauro an rubuto mini takarda in je in sayi magani, wannan ɗigon kuma me ya sa ake bin mu da shi har ɗaka kyauta?

To wa ake yi wa wannan tambaya ido da ido? Wanda ya yi gwajin 1996 ba ya nan. Wanda ya bar asibiti babu magani yana ofis. Yarinyar nan da ke tsaye a zaure da akwati ita ce za ta amsa, ita ce za ta sha zagin da ba ita ta jawo ba, a kan ɗan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba, wanda shi ma sau da yawa sai an yi makonni ana jiransa.

A 2012 yara 122 cutar ta kama a Nijeriya, fiye da rabin waɗanda ta kama a duniya baki ɗaya a shekarar. Ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka buɗe wuta a wurare biyu a Kano, ta wajen Hotoro da ta wajen Unguwa Uku, suka kashe mata masu rigakafi aƙalla tara. Matan gida ne, masu 'ya'ya da dangi, sun fito da safe za su ɗauki kayan aiki. Da a ce bayan wannan rana matan Kano sun ce sun daina, babu mai ganin laifinsu. Amma da aka sake kiran zagaye, sun fito. Wasu suna ɓoye akwatin a cikin hijabi, amma sun fito. Sarakuna suka sa baki, masu unguwanni suka shiga gaba, waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suka hau kekunansu suna bin unguwanni suna cewa iyaye su dube su su yi wa 'ya'yansu gata. Aka ga ƙarshen ainihin ƙwayar cutar a Borno a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka tabbatar wa nahiyar Afirka cewa ta rabu da ita. An yaba wa shugabanni, an yaba wa ƙungiyar Rotary da Bill Gates da Alhaji Aliko Ɗangote, sun kuwa cancanta, domin sun zuba dukiya. Amma dukiya ba ta shiga zaure ta lallashi maigida. Har yanzu kuma ana fita zagaye, saboda akwai wani nau'in cutar da ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Ke nan matan nan suna nan a kan hanya.

A Arewa maso Gabas abin ya fi muni. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann, a ƙaramar hukumar Kala Balge. Cikin ɗimbin waɗanda suka rasu har da mutum shida na ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya, waɗanda suka je rabon abinci. Shekara ɗaya da 'yan makonni bayan haka, ranar 1 ga Maris 2018, 'yan bindiga suka afka wa garin, suka kashe ma'aikatan agaji uku, suka tafi da mata uku. Biyu daga cikinsu ungozomomi ne, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman. Aka kashe Saifura a Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba, dukansu ba su wuce shekara 25 ba. Laifinsu karɓar haihuwa a garin da yawancin ma'aikata suka ƙi zuwa. Allah ya jiƙansu. Ana cikin wannan kuma, a Satumbar 2019 sojoji suka rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji na Action Against Hunger da Mercy Corps bisa zargin taimaka wa 'yan tayar da ƙayar baya, sai bayan makonni aka bari suka koma aiki. Gaba kura, baya sayaki: mai bindigar daji yana kallonka a matsayin ɗan leƙen asirin gwamnati, mai kaki yana kallonka a matsayin mai kai wa daji abinci.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ba kowane ma'aikacin taimako ne ke fuskantar bindiga ba. Akwai wahalar yau da kullum wadda ba ta shiga labarai, ita ce kuma ke korar mutanen kirki daga aikin.

Ɗauki maganar rubuta suna. Wata ƙungiya ta ce wa wani saurayi ɗan unguwa ya bi gidaje ya rubuto mabuƙata. Ya ɗauki littafi ya bi, ya rubuto zawarawa da tsofaffi da masu marayu, shafi bayan shafi. Bayan wata uku kaya suka iso, sai ga shi ba su isa ko kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka rubuta ba. Waɗanda suka kawo kayan suka ɗauki hoto, suka shiga mota suka tafi. Shi kuwa yana nan. Masallaci ɗaya yake sallah da waɗanda ba su samu ba, matarsa rijiya ɗaya take ɗiba da matansu. Daga ranar sunansa ya zama wanda ya karɓi sunayenmu ya ci da su. Wata tsohuwa za ta tare shi a hanya ta ce, ɗan nan, ka ji tsoron Allah, ina rabona? Me zai ce mata? A gida kuma dangi sun riga sun yanke cewa dala yake karɓa, kowa da buƙatar da zai kawo masa, alhali kuɗin man babur ɗin da ya yi zagayen ma daga aljihunsa ya fita. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuwa, wannan kuɗin man ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar takardu. Ƙaramar ƙungiyar unguwa, in tana son ta karɓi tallafi a hukumance, sai ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, ta buga sanarwar amintattunta a jaridu, ta sami takardar sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ta buɗe asusun banki da sunanta, ta nemo mai binciken kuɗi. Bayan haka ta rubuta takardar neman tallafi da Turanci irin na masana. Dokokin suna da dalilinsu. Amma sakamakon shi ne wanda ya iya rubutu ya fi wanda ya iya aiki samu. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin cewa kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Wa'adin ya wuce ba a kai ko kusa ba. Kuɗin yakan biyo ta babbar ƙungiya, ta ba matsakaiciya kwangila, ita kuma ta nemo ta unguwa. Kowane hannu ya cire na ofis da na mota da na taron bita. Kafin a iso ga wanda zai taka da ƙafarsa, sai a ce masa ai kai ɗan sa-kai ne.

Kada kuma a ce na zo wanke kowa. Akwai ɓata-gari, kun san su na san su. Akwai ƙungiyar da ofishinta kaf yana cikin jakar shugabanta. Akwai gidauniyar da ba a jin ɗuriyarta sai zaɓe ya matso. Akwai mai tara tsofaffi a rana don kwano ɗaya na shinkafa, ya ɗauki hotunansu ya watsa a Facebook, mutuncin da ya zubar ya fi shinkafar tsada. Abincin nan na gyaɗa da ake ba yara masu tamowa kyauta, ana ganinsa a kasuwa ana sayarwa, da ƙafa ya je can? Waɗannan su ne suka shafa wa na kirki baƙin jini. Shawarata ga ƙungiyoyin gaskiya ita ce kada su jira a tambaye su. Abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a bainar jama'a, a ƙofar gidan mai unguwa ko bayan sallar la'asar, a kuma manna takardar inda kowa zai gani. Kafin a rubuta sunan mutum a gaya masa gaskiya cewa rubutawa ba samu ba ce.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. Ayyuka suka tsaya, ma'aikata da yawa suka koma gida. A tsakiyar shekarar ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida. Duk inda babbar mota ta daina zuwa, waɗanda za ka tarar su ne na unguwa, domin su ba su da inda za su koma. An ga haka a Maiduguri ranar 10 ga Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya cinye unguwar Gwange da kasuwar Monday har ya shiga fadar Shehu. Kafin kayan agaji su iso daga nesa, masu kwale-kwale da samarin gari ne suka yi ta fito da mutane, matan unguwannin da ruwa bai kai ba suka ɗora tukwane.

A Maidugurin nan ne lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a 2007 da yara 36. Da rikici ya ɓarke ya ƙi rufewa, ya karɓi 'ya'yan jami'an tsaron da aka kashe, ya karɓi 'ya'yan mayaƙan da aka kashe, ya zaunar da su aji ɗaya. Amanar da ɓangarorin biyu suka ga yana da ita ce ta sa ya iya shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016, da wasu 82 a 2017. A shekarar ta 2017 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Shi duniya ta gan shi. Malaman da ke shiga waɗannan azuzuwa kullum, da irinsu a sauran garuruwa, sai mu da ke kusa da su ne za mu gan su.

Yanzu ga inda nake son ku ba ni kunnuwanku sosai. Akwai kalmar da muke yawan jifan waɗannan mutane da ita: ai aikin Allah ne, Allah ya ba da lada. Addu'a ce mai kyau, amin. Amma mun mayar da ita hanyar zamewa. Da zarar ɗan agaji ya ce a ba shi kuɗin mota, sai a ce ashe ba don Allah yake yi ba. Ku tambayi malamanku: cikin kaso takwas na waɗanda ake ba zakka, ɗaya na ma'aikatan da ke tattara ta ne da rarraba ta. Shari'a da kanta ta san mai yi wa jama'a hidima yana da ciki, yana da iyali. To mu su wa da za mu ce mai haƙa kabari ya bar sana'arsa rabin yini, ya sha rana da diga a hannu, sannan a watse daga jana'iza ba wanda ya tambaye shi ko an ɗora tukunya a gidansa?

Hukumar da ta ɗauki mace aikin rigakafi ta biya ta haƙƙinta ranar da aka gama zagaye, kada a bari sai ta yi ta sintiri a sakatariya. Babbar ƙungiyar da ta tura ɗan unguwa wuri mai haɗari ta rubuta a takarda wa zai ɗauki jinyarsa in ya ji rauni, wa zai riƙe 'ya'yansa in bai dawo ba. Jihohin da ke da hukumar taimakekeniyar lafiya su sa 'yan agaji da masu hidimar maƙabarta a ciki, adadinsu ba zai karya baitulmali ba. Masu hannu da shuni, waɗanda ke son gina masallaci na uku a layi ɗaya, su duba ko wannan kuɗin zai zama waƙafi, shago biyu ko uku da hayarsu za ta riƙa shiga asusun kwamitin marayu kowane wata. A Sakkwato da Kano akwai hukumomin zakka da waƙafi da za su nuna yadda ake tsara shi.

Kai kuma maigida, ranka ya daɗe, naka ya fi sauƙi. In suka yi sallama, ka amsa. In kana da shakka a kan abin da suka kawo, ka tambaya, ka nemi mai unguwa ko jami'in lafiya ya yi maka bayani, haƙƙinka ne. Fushin rashin magani a asibiti kuma ka kai shi wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma, su ne suka karɓi ƙuri'arka. Hajiya uwar gida, ke ce kike ciki lokacin da suke shigowa, ki shimfiɗa musu tabarma ko da ba za su zauna ba. Akwai kuma abin da ba mu cika lura da shi ba. Yaron da ya kwashi gawarwaki a haɗarin mota, ko ya tsamo yara daga ambaliya, yakan yi kwanaki barci ba ya ɗaukarsa, kuma kunya ba za ta bari ya faɗa ba. Shugabannin rundunonin agaji su riƙa zama da irin waɗannan bayan aiki, a saurare su, wanda abin ya yi wa nauyi a haɗa shi da likita.

Lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu buɗe layin waya, muna son jin masu aikin da bakinsu, musamman mata masu rigakafi da masu hidimar maƙabarta, su gaya mana nawa ake ba su, yaushe ake ba su, da wanda suke kai wa kuka in an hana su. Mai unguwar da ke da irin waɗannan mutane a unguwarsa ya taimaka ya sanar da su lokacin shirin.